Jikokin 'yan gwagwarmaya na shan wuya wajen neman kakanninsu

Assalamu alaikum Malam Edita, sannu da ƙoƙari. Don Allah a ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya, wato irin wahalar da jikokin waɗanda suka ɗauki makami don ƙwato 'yancin ƙasarsu ke sha kafin su san ina kakansu ya yi yaƙi, ina aka tsare shi, ina ma aka binne shi.

Dubi Kenya. Turawan Ingila sun sa dokar ta-ɓaci a Oktoban 1952 saboda Mau Mau, ƙungiyar da ta ɗauki makami tana yaƙar mulkin mallakarsu, ba su ɗage ba sai 1960, a tsakanin nan sun rataye sama da mutum 1,000, waɗanda aka zuba a sansanoni kuwa dubun-dubata ne. To yaron da ya tashi yau yana neman kakansa ta ina zai fara? Mayaƙin daji ba shi da lambar soja balle takardar albashi, wasu ma ba da sunansu na yanka aka san su ba, kamar Waruhiu Itote da kowa ke ce wa Janar China. Ɗan abin da aka rubuta kuma maƙiyi ne ya rubuta, fayil ɗin 'yan sanda ne da na kotu da na gidan yari, a can ɗan ta'adda za ka ga an kira kakan naka. Su kansu fayil ɗin ma da yawa kwashe su aka yi aka ɓoye a Hanslope Park a Ingila, sai a 2011 asiri ya tonu bayan wasu tsofaffi sun kai ƙara, a 2013 gwamnatin Birtaniya ta amince ta biya diyya ga mutum 5,228, jimilla fam miliyan 19.9 har da kuɗin shari'a. Kuma abin da ya fi ƙona min rai, Kenya ta samu 'yanci tun 1963 amma haramcin da ke kan Mau Mau bai tashi ba sai 2003, shekara 40 tsoho na zaune da labarinsa a ciki, da yawa sun tafi da shi kabari. Dedan Kimathi kansa, jagoran mayaƙan Mau Mau da aka rataye a kurkukun Kamiti a 1957, matarsa Mukami ta rasu a 2023 ba a nuna mata kabarinsa ba, ina ga wanda ba kowa ba?

A Aljeriya ma haka ne. Lauya Ali Boumendjel, ɗan gwagwarmayar ƙwato ƙasar daga Faransa, cewa aka yi shi ya kashe kansa a 1957, sai a 2021 Shugaba Macron na Faransa ya amsa a gaban jikokin lauyan cewa sojojin Faransa ne suka azabtar da shi suka kashe shi. Da dangi sun haƙura da takardar hukuma ai da shi ke nan.

Shi ya sa ni a ganina duk mai wannan nema kar ya fara da ofis, ya fara da tsofaffin gida, musamman mata, don su suka kai abinci daji, su aka bari da marayu, kuma su ke riƙe sunaye. Ka zauna ka kunna rikodar wayarka, ka tambayi laƙabinsa, sunan sansanin, da wa aka kama su, wace shekara ya dawo, da waɗannan ne za ka iya cin ma fayil ɗin in yana nan. Sannan ka shirya zuciyarka, don wallahi ba kowa zai tarar da gwarzo ba, wani zai tarar kakansa yana cikin 'yan Home Guard da suka bi Turawa, ko harki a Aljeriya, wato 'yan ƙasa da suka yi wa Faransa yaƙi, kuma bai kamata a binne wannan ba, shi ma tarihin gidan ne.

Roƙona Malam Edita, ku sa wakilinku ya yi mana bayani dalla-dalla kan yadda ake neman waɗannan takardu a gidan adana tarihi na Kew da ke Landan, tunda an mayar da su can kuma jerin sunayen fayil ɗin na intanet.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku a kullum