A haɗa ɗaki da magani ga masu taɓin hankali da ke kwana a titi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka domin in yi magana a kan bayin Allah da ke kwana a ƙarƙashin gadoji da rumfunan kasuwa da bakin tashoshin mota a biranenmu, musamman waɗanda ke fama da taɓin hankali.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne wani mutum da ya yi shekaru yana kwana a wani kango a unguwarmu. Ba ya duka, ba ya zagi, kuma matan unguwa ne ke aika masa da abinci. Wata rana motar hukuma ta zo ta tafi da shi, muka yi hamdala. Bayan 'yan watanni sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, an yi masa aski, yana gaisawa da mutane cikin natsuwa, har ya gaya mana sunan garinsu. A hannunsa akwai katin asibiti da maganin wata ɗaya a leda. Amma kangon nan dai ya koma, domin ba shi da inda ya fi shi. Damina ta jiƙa katin, maganin ya ƙare, babu wanda ya tuna masa ranar komawa ganin likita, kuma kafin shekara ta zagayo ya koma yadda muka san shi. Da muka bi ba'asi tare da mai unguwa, asibiti suka ce aikinsu magani ne kuma sun yi, ofishin walwalar jama'a suka ce ba a ware musu kuɗin haya ba, masu kula da gidaje kuwa suka ce maganar ba ta taɓa zuwa teburinsu ba. Babu wanda ya yi mana ƙarya a cikinsu, kuma wannan ne ya fi damuna.

Duk wanda ya taɓa jinyar mai irin wannan lalura ya san cewa ba zazzaɓi ba ce da ake gama maganinta cikin kwana uku. Akwai masu shan ƙwaya kullum na tsawon shekaru, akwai waɗanda ake yi wa allura duk wata, kuma da zarar an yanke, ciwon kan dawo, wani lokaci fiye da da. Mutumin da ba shi da ƙofar da zai rufe ba zai iya adana magani ba, ba ya samun barcin kirki, kuma ma'aikacin lafiya ba shi da adireshin da zai neme shi idan bai zo ba. Saboda haka kuɗin da aka kashe wajen kwantar da shi ya zama zuba ruwa a rariya, kuma za a sake kashe irinsa a kan mutum ɗaya sau biyu, sau uku.

A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da muka gada daga Turawan mulkin mallaka. Dokar ta tanadi sashe na musamman a ma'aikatar lafiya ta tarayya da asusu na wannan aiki, ta kuma amince cewa marar lafiya yana da haƙƙi da mutunci. Wannan ci gaba ne da ya cancanci yabo. Sai dai doka ce ta fannin lafiya, ɗakin kwana kuma yana hannun wasu ma'aikatun daban, galibi a jihohi. Ga shi likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200, kuma asibitocin Barnawa a Kaduna da Kware a Sakkwato da Maiduguri da Dawanau a Kano su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin Arewa. Gadon da wanda ya samu sauƙi ya ci gaba da kwanciya a kai, saboda babu inda za a sallame shi ya tafi, gado ne da aka hana wani mai tsananin buƙata.

Mun kuma ga inda mutane ke kai 'yan'uwansu idan hanya ta toshe. A watan Satumban 2019 'yan sanda suka fito da mutane fiye da 300 daga wani gidan mari a unguwar Rigasa da ke Kaduna, da yawansu da mari a ƙafa, sannan aka ga irin haka a wasu garuruwan. An yi daidai da aka rufe waɗannan gidaje, amma yawancin iyayen da suka kai 'ya'yansu gidan mari gajiya ce ta kai su, kuma muddin babu wani wuri mai mutunci, za a buɗe wasu a ɓoye ko a saki mutanen a titi.

Ƙasar Finland ta gwada wata hanya da nake ganin ya kamata mahukuntanmu su duba. A da, tsarinsu irin na kowa ne: sai mutum ya daina shaye-shaye, ya lazimci magani, ya bi matakai ɗaya bayan ɗaya, sannan a ba shi gida, kuma da yawa sukan faɗi tun a matakin farko. Daga 2008 suka juya tsarin, suka ce muhalli tukuna. Ana ba mutum ɗakinsa da makullinsa da takardar haya da sunansa, yana biyan haya daga tallafin da yake samu, sannan ma'aikatan lafiya da na walwala su riƙa zuwa inda yake. Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda aka ɗaure hukumomin da igiya ɗaya. Gwamnatin ƙasa ta sa hannu a yarjejeniya da manyan birane goma, hukumar da ke ba da kuɗin gina gidaje ta kawo nata, birane suka ɗauki nauyin ma'aikata, wata gidauniya da aka kafa tun 1985 kuma ta riƙa sayen gidaje tana ba da hayarsu ga marasa muhalli. A Helsinki an mayar da wani masaukin kwana mai gado 250 zuwa gidaje 81 masu zaman kansu. Marasa muhalli a ƙasar, waɗanda suka kai kimanin 18,000 a 1987, sun koma ƙasa da 4,000 a 2022.

Na san za a ce Finland ƙasa ce mai arziki da mutane ƙasa da miliyan shida, wato ba ta kai jihar Kano ba. Gaskiya ne, kuma ba na cewa a kwafo ta. To amma tun kafin su, a nan Najeriya aka yi abin da duniya ta zo ta koya. A 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo, wanda daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya, ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abeokuta. Marasa lafiya suna kama haya a gidajen mutanen ƙauyukan da ke kewaye da asibitin, kowane da ɗan'uwansa mai jinya, suna zuwa karɓar magani da rana su koma su kwana cikin jama'a, masu gidajen kuma suna samun kuɗin haya. Ba a jira an gina dogayen benaye ba. Abin da aka yi shi ne haɗa likita da mai gida da dangi a kan mutum ɗaya.

Wani zai tambaya ta yaya za a ba mai taɓin hankali ɗaki alhali ma'aikaci mai lafiya yana fama da kuɗin haya. Tambayar tana da nauyi, amma mai lafiya yana iya fita ya nema, yana iya kai ƙara, yana iya kaɗa ƙuri'a ya hukunta wanda ya yi watsi da shi, wancan kuwa ko sunansa babu a rajistar kowa. Ban da haka, ɗaki ɗaya a cikin unguwa bai kai tsadar gadon asibiti ba.

Abin da nake roƙon gwamnatocin jihohinmu shi ne ma'aikatar lafiya da ta gidaje da ta walwalar jama'a su rubuta yarjejeniya guda, da layi guda a kasafin kuɗi, da jami'i guda da za a tambaya idan an sallami mutum ya koma titi. A fara da ƙirga mutanen da neman danginsu ta hannun hakimai da dagatai da masu unguwanni, domin da yawa suna da gida, talauci da kunya ne suka raba su da shi, kuma tallafa wa iyali ya riƙe nasa ya fi komai sauƙi. Wanda ba a samu nasa ba a kama masa ɗaki kusa da asibitin sha-ka-tafi, inda za a horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko su riƙa ba shi magani su kuma leƙa shi. Finland ta ɗauki wani ɓangare na kuɗin aikinta daga ribar caca, abin da ba namu ba ne. Mu muna da hukumomin zakka da waƙafi, kuma da wuya a sami miskinin da ya fi wannan cancanta. Abin da nake gudu shi ne a gina wani katafaren sansani a bayan gari a tara su a ciki a sa mai gadi, domin wannan ɗauke su ne daga idon jama'a kawai, kamar yadda ake yi idan babban baƙo zai zo gari.

Ina kuma roƙon jaridarka ta aika wakilinta ya tambayi kwamishinonin nan uku a kowace jiha, mutum nawa aka kwashe daga titi a bara, nawa aka sallama daga asibiti, kuma ina kowannensu yake kwana a yau.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Kano