Zuwa ga Goggon da ta tambaye ni ko ɗanta ƙarya yake yi

Assalamu alaikum Goggo. Ya ƙarin haƙurin rashin Baffa? Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ranar Asabar a wajen walimar sauka a Bolari kika tare ni gaban jama'a kika ce: "Kai da ka yi aikin tafinta a Ingila, faɗa min tsakaninka da Allah. Shekara uku yaron nan yana ce min ana duba takardarsa ta neman mafaka. Ko sisi bai aiko ba, ubansa ya rasu bai zo ba. Wace irin takarda ce ba ta dubuwa?" Na ga idonki ya kawo ruwa, bakina ya yi nauyi. Shi ya sa na rubuto a karanta miki, iyayen da suka yi shiru a wajen su ma su ji.

Goggo, abin da ya faɗa miki yana faruwa, na gani da idona. A ƙarshen watan Yunin 2023 masu neman mafaka sama da 175,000 ne ke jiran hukuncin farko a kan takardunsu a Ingila. Masu shigowa sun ƙaru, masu duba takardun ba su ƙaru daidai da su ba, ga siyasa ta shigo ciki. Tun 2022 gwamnatinsu ta ɗauko shirin kwashe masu neman mafaka zuwa Ruwanda. Kotun ƙoli ta ce ya saɓa doka a Nuwamban 2023, aka yi ta ja har sabon firaministansu na lokacin, Keir Starmer, ya soke shi a Yulin 2024. Ana wannan ja-in-ja aka jingine takardun dubban mutane, babu e babu a'a. Wanda aka hana kuma ya ɗaukaka ƙara, can ma wani dogon layin ne.

Maganar kuɗi ce ta fi ci min rai, don a nan muke zaluntar yaranmu ba mu sani ba. Mai neman mafaka a Ingila doka ta hana shi aiki. Sai ya cika wata 12 yana jira kafin ya roƙi izini, kuma ayyukan da aka yarje masa ƙalilan ne. Abin da aka riƙa sa masa a kati daga farkon 2024 fam 49 ne da 'yan kwabbai a sati, ci da sutura da kuɗin mota duk a ciki. In a otal aka ajiye shi ana ba shi abinci, bai kai fam 10 ba. Mu a Gombe muna juya shi zuwa naira mu ga da auki, can kuwa kafin Alhamis ya ƙare.

Na taɓa yi wa wani saurayi tafinta a wani ofishi. Ya shigo da leda cike da takardu, gefensu duk ya tsufa saboda yawan buɗewa. Wata 26 yana jiran wannan zama na babbar ganawa, inda hukuma ke yi wa mutum tambayoyi kan dalilin neman mafakarsa. Kafin a kira mu wayarsa ta yi ƙara, ya kalla ya kife ta a cinya, ya ce min, "Mahaifiyata ce, kuɗin haya." Hannunsa na rawa har aka kira lambarsa. Irin wannan matsin ne ke tura yaro aikin ɓoye a wajen wankin mota, in aka kama shi laifi ne a dokarsu, ya ƙara wa kansa nauyi.

Jana'izar Baffa kuwa, da ya taho shi ke nan. Wanda ya ce yana tsoron ƙasarsa, in ya bar Ingila kafin hukunci ana ɗauka ya janye buƙatarsa, fasfonsa ma yawanci yana hannun hukuma. Ki tuna shi kaɗai ya yi kukansa a ɗaki, babu mai yi masa ta'aziyya.

Ba zan rufe ki ba, daɗewar jira ba ta nufin za a ba shi. Kun baro Gwoza a 2014 kuka zauna nan, kuma tambayar da na sha fassara wa 'yan Najeriya ita ce: me ya hana ka zama a wani gari na ƙasarku? Da yawa a nan suke faɗuwa. Ki shirya zuciyarki ga kowanne, in ya dawo hannu biyu kada a bari 'yan unguwa su sa shi a baki.

In ya kira, ki tambaye shi abu uku: an yi masa babbar ganawar? Yana da lauya? In ya sauya masauki, ya sanar da hukuma? Wasiƙar kira kan tafi tsohon adireshi, mutum ya rasa ranarsa. Ki ajiye min amsoshin, ranar Juma'a bayan la'asar zan shigo in gaishe ki, mu kira shi tare in Allah Ya yarda.

Ɗanki,
tsohon tafinta, Jekadafari, Gombe