Turancin yana kaina, amma ya ƙi saukowa bakina

Assalamu alaikum Malam. Ina gaisuwa, da fatan aiki da iyali duk lafiya. Allah ya saka da alheri kan shirin da kake gabatar mana duk mako.

Matsalata ƙila ta ba wasu dariya, amma ni ta hana ni sakat. Ina da kiredit a Turanci a WAEC, na yi difloma a fannin akanta, yanzu ina kula da sito a wani kamfanin raba kaya a Kakuri. Daily Trust nakan karanta ta daga shafin farko har na wasanni, sai jefi-jefi nake buɗe ƙamus. Labaran BBC na Turanci ina ji ina ganewa. Rahoton ƙarshen wata ni nake rubutawa, ba a taɓa dawo min da shi ba. Amma a ce in buɗe baki in yi bayanin minti biyu, nan ake yin ta.

Kwanakin baya babban oga ya zo daga Abuja a jirgin ƙasa na safe, daga Rigasa kai tsaye ya wuto sito. Ya tsaya gabana ya tambayi dalilin jinkirin kaya. Malam, amsar tana cikin takardar da ke hannunsa, ni na rubuta ta da kaina. Sai na ji harshena ya yi nauyi, gumi ya keto min, na yi ta maimaita 'yan kalmomin da ɗan firamare ma ya sani. Wani abokin aikina ɗan Sabon Tasha ya karɓe zancen, ya zuba shi tiryan-tiryan, oga na gyaɗa masa kai. Sai da na hau Keke Napep zan koma Tudun Wada kalmomin suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, har da waɗanda ban nema ba. Abin kamar mai kuɗi a asusu ne ya je wurin mai POS aka ce babu netwok.

Na zauna na yi tunani, sai na ga tun farko da ido da kunne muka koyi harshen nan. A aji karatu da rubutu ne, hatta ɓangaren furuci na jarabawar kammala sakandare da fensir muka cike shi. A unguwa kuwa wa za ka yi wa Turanci? Ka shiga Kasuwar Barci ko Kasuwar Sheikh Gumi, Ibo da Bayarabe ma da Hausa za su tare ka. Ka gwada a majalisa, a ce yau kuma Bature muka samu. Idan ka haye gada zuwa Barnawa ko Kakuri, akasarin abin da za ka ji broka ne, mai daɗin hira, amma ba da shi zan tsaya gaban oga ba.

Shawarwari kam na sha su. Yayana ya ce in haddace sababbin kalmomi goma kullum. Na cika littafi guda, ko ɗaya ba ta taɓa fitowa daga bakina ba, shi ya sa nake ganin ba ƙarancin kalmomi ne ciwona ba. Wani ya ce fina-finai. Na kalla, kunne ya ƙara buɗewa, baki yana nan yadda yake. Abu ɗaya da na ga alamar amfaninsa shi ne ɗaukar muryata a waya ina ba da labarin yadda na wuni, sai dai in na saurara kunya take kama ni, in goge.

To Malam, in daina tara sababbin kalmomi in koma kan waɗanda na sani? In haka ne, ta yaya ake jawo kalma daga ƙwaƙwalwa zuwa harshe, jimloli zan riƙa haddacewa ko kuwa? Yin broka da abokan aiki zai sake min baki, ko ɓata min wanda nake da shi zai yi? Kuma ya zan daina shirya zance da Hausa a zuci kafin in juya shi, tunda kafin in gama an wuce wurin?

Akwai intabiyu ta ƙarin girma wata mai zuwa, kuma baki da baki za a yi. Kuɗin makarantar yamma ba ni da su yanzu. Abin da nake da shi waya ce da kamar rabin awa bayan sallar isha'i.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Mai sauraronka,
daga Tudun Wada, Kaduna