Wasiƙa daga Makka: da wa za ka haɗa tafiyar Umra?

Misfala, Makka.

Assalamu alaikum aminina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da iyali da su Hajiya. Saƙonka ya iso. Ka ce kuna shirin zuwa Umra ku huɗu, amma har yanzu kana jinjina waɗanda za ka ɗauko. To, kada ka bari zumunci kaɗai ya yi maka zaɓi. Mutumin da kuke shan hira da shi a majalisa ba lallai ne ku iya kwana goma a ɗaki ɗaya ba.

Fara duba ƙafarsa. Sa'ayi kaɗai, tsakanin Safa da Marwa, ya haura kilomita 3, ga ɗawafi, ga zirga-zirga daga masauki zuwa Harami. In ka haɗa matashi mai sauri da dattijo mai ciwon gwiwa, kafin kwana biyu wannan yana ƙorafin an hana shi sahun gaba, wancan yana ganin an raina shi. In da dattijo a cikinku, tun daga gida a san masu tura shi a keke, kuma a yi karɓa-karɓa.

Amma inda aka fi ɓatawa shi ne kuɗi. Ka nemi waɗanda aljihunku ya yi kusa. Mai hali zai so otal a Ajyad, dab da Harami. Mai ƙaramin ƙarfi zai ce a tafi Aziziyya a riƙa hawan mota, kuma kunya ba za ta bari ya faɗi dalili ba, sai dai ka ga ya ɗaure fuska. Ku yi asusu: kowa ya zuba kamar Riyal 200, mutum ɗaya ya riƙe yana rubutawa. Tasi, ruwa da abincin da aka ci tare kawai za a cire a ciki. Tsaraba kowa da aljihunsa. Rance kuma, in ya zama dole, a rubuta da Riyal, domin canji yana motsi, kuma a kan wannan ɗan bambancin ake ɓata zumuncin shekaru. Haka maganar Madina: jirgin ƙasa na Haramaini yana cin awa biyu da ɗoriya, bas kuwa biyar zuwa shida amma da sauƙin kuɗi. Ku yanke tun kuna gida.

Ɗaki mai gado huɗu banɗakinsa ɗaya ne. Ku tsara layin wanka kafin Asuba, in ba haka ba na ƙarshe a harabar waje zai yi salla. Ka tambayi kowa ƙeƙe-da-ƙeƙe: kana minshari? Kana jure sanyin esi? Mai amsa waya da ƙarfi tsakar dare, a gaya masa gida na bayanmu da awa 2, ya fita baranda.

Ku naɗa shugaba kamar yadda sunna ta koyar, amma ba lallai ne mafi shekaru ba; mai sanyin rai da iya waya ya fi, don shi zai nema muku izinin shiga Rauda, a cikin Masallacin Annabi da ke Madina, ta manhajar Nusuk. Wurin haɗuwa kuma kada ku ce "ƙarƙashin agogo", wato dogon benen agogo da ke gefen Harami, kowa can yake cewa. Ku kama ƙofa da lambarta, kamar Ƙofar Sarki Fahad, lamba 79, ku ce wanda ya wuce minti 15 a same shi a masauki. Kowa ya riƙe katin otal a jikinsa. Kuma ba dole ne a yi komai tare ba: mai son kasuwa ya tafi, mai son Harami ya zauna.

Ka turo mini ranar saukarku Jidda da lambar jirgin. A gaida Hajiya, a shafa kan yara.

Naka,
amininka na Makka.