A Buɗe Mana Littafin Kuɗin Gudanar da Ofis na 'Yan Majalisar Tarayya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi bayani kan abin da 'yan Majalisar Tarayya ke karɓa suna kan kujera da kuma bayan sun sauka. Duk lokacin da maganar ta taso sai ka ji ana kiran a rage musu albashi, su kuma su fito su rantse cewa albashinsu bai taka kara ya karya ba. Abin da ke damuna shi ne gaskiya suke faɗa, kuma da wannan gaskiyar suke kuɓuta. Mun bar jaki muna dukan taiki.

Sashe na 70 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce sanata ko ɗan Majalisar Wakilai zai karɓi albashi da alawus ɗin da Hukumar Tattarawa da Rarraba Kuɗaɗen Shiga ta Ƙasa, wato RMAFC, ta yanka masa. Ita kaɗai aka ambata. A watan Agustan 2024 shugaban hukumar, Mohammed Bello Shehu, ya bayyana abin da sanata ke samu a wata: naira 1,063,860. Tsurar albashin a ciki naira 168,866.70 ne, wato naira 2,026,400 a shekara. Sauran duk alawus ne da ake lissafawa a kan wannan tsurar. Man mota da gyaranta naira 126,650, masu aikin gida naira 126,650, karɓar baƙi naira 50,660, wuta da ruwa naira 50,660, sutura naira 42,216, mataimaki na musamman naira 42,216, jaridu naira 25,330, gyaran gida naira 8,443. Mafi girma shi ne alawus ɗin mazaɓa, naira 422,166. Ɗan Majalisar Wakilai yana ƙasa da haka, tsurar albashinsa kuwa naira 1,985,212.50 ce a shekara. Tun wajen 2008 aka tsayar da waɗannan alƙaluma, kuma faɗuwar naira ta cinye mafi yawan darajarsu.

Akwai kuma waɗanda ake biyan sanata sau ɗaya a zango: kuɗin kayan ɗaki naira 6,079,200, ninki uku na albashin shekara ke nan, da rancen mota naira 8,105,600 ga wanda yake so, wanda ya kamata ya biya kafin ya bar ofis. Idan da a nan lissafin ya tsaya, da ban ɗauki alƙalami ba. Mutumin da ke wakiltar kashi ɗaya cikin uku na jiha, yana zaune a Abuja da tsadarta, naira miliyan ɗaya a wata ba ta yi masa yawa ba.

Kuɗin da ke da nauyi shi ne wanda suke kira kuɗin gudanar da ofis. A watan Maris na 2018 Sanata Shehu Sani, wanda ke wakiltar Kaduna ta Tsakiya a lokacin, ya fasa ƙwai ya ce kowane sanata na karɓar naira miliyan 13.5 a wata da wannan suna, ban da albashi. Shekara shida bayan haka, a watan Agustan 2024, Sanata Kawu Sumaila na Kano ta Kudu ya shaida wa sashen Hausa na BBC cewa adadin ya kai naira miliyan 21 a wata, alhali albashin da ke shiga hannunsa bayan cire-cire bai wuce dubu ɗari shida da 'yan kai ba. Mu buga lissafi: miliyan 21 sau goma sha biyu miliyan 252 ne a shekara, a zangon shekara huɗu ya haura biliyan ɗaya ga mutum guda. Albashin ma'aikata 300 ke nan a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024. Sanatoci 109 ne, don haka wannan layi ɗaya yana cin sama da naira biliyan 27 a shekara kafin a taɓa na wakilai 360.

Wa ya yanka wannan adadi? RMAFC ta ce babu shi a jadawalinta. A cikin kasafin Majalisar ake tsara shi, kuma Majalisar ce ke amincewa da kasafin kanta. Tun gyaran tsarin mulki na 2010 kuɗinta ke fita kai tsaye daga asusun tarayya ba tare da jiran sahalewar ɓangaren zartarwa ba. Manufar gyaran mai kyau ce, don kada shugaban ƙasa ya riƙe wa majalisa wuya da yunwa. Sai dai an ba ta 'yancin karɓa ba a ɗaura mata wajibcin bayyanawa ba. Shekaru da dama kasafin yana fitowa a dunƙule, layi ɗaya, naira biliyan 150 daga 2011 zuwa 2014. Sai a 2017, zamanin da Bukola Saraki ke shugabantar Majalisar Dattawa, aka fara fitar da rabe-rabensa na naira biliyan 125, shi ma a manyan kanun da ba sa nuna abin da ya shiga hannun kowane ɗan majalisa. A kasafin 2024 shugaban ƙasa ya gabatar musu da kimanin biliyan 197.9, suka mayar da shi biliyan 344.85. Adalci ne a faɗa cewa ba duka ke zuwa aljihun zaɓaɓɓu ba, domin a ciki ake biyan ma'aikatan majalisa da hadimai da cibiyar nazarin dokoki da gine-gine. To amma wanda ya ƙi buɗe littafi shi ya jawo wa kansa zargi.

A watan Yunin 2021 Babbar Kotun Tarayya da ke Legas, ƙarƙashin Mai Shari'a Chuka Obiozor, ta yanke cewa RMAFC ce kaɗai ke da hurumin ƙayyade albashi da alawus na 'yan majalisa, Hukumar Kula da Ma'aikatan Majalisa ba ta da wannan iko. Bayan wannan hukunci ne adadin da aka sani ya kai miliyan 21.

Hujjar da ake kawowa ita ce kuɗin ba na ɗan majalisa ba ne, na aiki ne: hayar ofishin mazaɓa, tafiye-tafiye, kayan aiki, tarukan jin ra'ayin jama'a, binciken ƙudurori. A ƙa'ida kuɗin somin-taɓi ne da sai an kawo rasit an cike gurbinsa. A nan tsarin ke lalacewa, ta hanya uku. Na farko, adadi ɗaya ake ba kowa, da wanda mazaɓarsa ke Abuja da wanda zai je Gaidam ko Mubi, da mai ofis uku da wanda bai buɗe ko ɗaya ba. Kuɗin aiki na gaskiya yana hawa yana sauka gwargwadon aikin. Wanda ba ya motsi wata bayan wata albashi ne da aka sauya wa suna. Na biyu, kuɗin na riga rasit zuwa. Wanda aka zuba wa miliyoyi a asusu aka ce ya kawo takardun da suka yi daidai da su, zai kawo, domin takardar mai da ta otal ba wuyar samu suke ba. Na uku, masu duba takardun ma'aikatan majalisar ne, waɗanda ƙarin girmansu da kasafin ofishinsu ke hannun mutanen da suke dubawa. Ƙaramin akanta ba zai mayar wa shugaban kwamiti rasit ya ce bai gamsu ba. Kada a manta kuma hadimai biyar da doka ta ba kowane ɗan majalisa ba daga wannan kuɗi ake biyansu ba, suna da nasu layin daban.

Shi ya sa matakin da Majalisar Wakilai ta ɗauka a watan Yulin 2024, na yanke rabin albashi har wata shida saboda tsadar rayuwa, bai motsa komai ba. Naira dubu 300 ne daga kowane mutum a wata, jimilla miliyan 648. Idan ka auna da kasafin biliyan 344.85, bai kai kobo 20 cikin kowace naira 100 ba. A shekarar da ta gabace ta, wadda aka cire tallafin mai, an ware wa Majalisar ƙarin biliyan 70, aka kuma sayo wa mambobi manyan motocin Toyota da sunan motocin aikin kwamiti, ga kuma rancen mota da ke cikin jadawalin RMAFC.

Ina so in yi wa 'yan majalisar adalci a wuri ɗaya, domin idan ba a faɗe shi ba gyaran ba zai kama ba. Ƙofar gidan ɗan majalisa ba ta rabuwa da masu takardar asibiti da kuɗin makaranta da na suna da na jana'iza. Ayyukan da ƙaramar hukuma da jiha suka yi watsi da su, a kansa suke faɗowa. Kujerar ma da tsada ya saye ta: a 2022 fom ɗin takarar sanata a APC naira miliyan 20 ne, na wakilai miliyan 10, kafin a zo maganar daliget. Duk wannan gaskiya ne. Amma idan kuɗin ofis ya zama asusun rabon tallafi, to mai riƙe da kujera yana yaƙin neman zaɓe da kuɗin gwamnati shekara huɗu cur, abokin takararsa kuwa da aljihunsa. Aikin da aka zaɓe shi dominsa, wato karanta kasafi layi-layi da titsiye ma'aikatu, shi ke mutuwa, saboda ba a bar kuɗin ɗaukar masana ba.

Sai batun ritaya, inda mutane da yawa ke da ruɗani. Ɗan Majalisar Tarayya ba shi da fansho. Abin da yake samu shi ne kuɗin sallama a ƙarshen zango, ninki uku na albashin shekara: naira 6,079,200 ga sanata, naira 5,955,637.50 ga ɗan Majalisar Wakilai. Duka su 469 idan aka haɗa bai wuce kimanin biliyan 2.8 ba a shekara huɗu, kuma na sanata ɗaya bai kai sulusin kuɗin ofis na wata guda ba. An yi yunƙurin sanya fansho na har abada ga shugaban Majalisar Dattawa da kakakin Majalisar Wakilai da mataimakansu, irin wanda sashe na 84 ya ba shugaban ƙasa da mataimakinsa, amma ya faɗi a ƙuri'ar gyaran tsarin mulki ta watan Maris na 2022. Daidai ne da ya faɗi. Abin gyara a kuɗin sallamar ɗaya ne: wanda ya sake cin zaɓe bai bar aiki ba, don haka a riƙe masa har ranar da zai sauka da gaske.

Ɓarakar tana wajen tsofaffin gwamnonin da suka mayar da Majalisar Dattawa wurin hutu. Sashe na 124 ya ba majalisun jihohi damar yi wa gwamna da mataimakinsa dokar fansho, jihohi suka buɗe ƙofar har ƙarshe. Legas ta yi tata a 2007, Akwa Ibom ta faɗaɗa tata a 2014, kuma irin waɗannan dokoki kan haɗa da gidaje da sabunta motoci da masu gadi da kuɗin magani. Na Zamfara ya fito fili a 2019 lokacin da tsohon gwamna Abdul'aziz Yari ya rubuta takarda yana neman a biya shi naira miliyan 10 na kula da kai a kowane wata, majalisar jihar ta soke dokar a watan Nuwamba na shekarar. Imo ta soke tata a 2020, Kwara a 2021, Abiya a 2024. A ƙarshen 2019 Mai Shari'a Oluremi Oguntoyinbo, a ƙarar da SERAP, ƙungiyar fafutukar yaƙi da cin hanci, ta shigar, ta umarci Antoni Janar na Tarayya ya ƙalubalanci waɗannan dokoki ya kuma ƙwato abin da tsofaffin gwamnonin da suka zama sanatoci da ministoci suka karɓa. A 2023 Sanata Gbenga Daniel, tsohon gwamnan Ogun, ya rubuta wa jihar cewa a dakatar da fanshonsa muddin yana majalisa. Ya kyauta, amma abin da ya rataya ga kirkin mutum ɗaya ba doka ba ne. A daidai wannan lokaci ma'aikacin da ake cire wa kashi 8 cikin ɗari na albashinsa kowane wata, bisa dokar fansho ta 2014, yana jiran haƙƙinsa bayan shekara 35 yana aiki, malaman firamare a jihohi da dama kuma suna mutuwa ba su ga giratuti ba.

Gyaran ba ya buƙatar rushe ɗaya daga cikin majalisun biyu kamar yadda wasu ke kira. Birtaniya ta shiga irin wannan abin kunya kan kuɗin aikin 'yan majalisa a 2009, ta kafa hukuma mai zaman kanta da ke ƙayyade albashin 'yan majalisa, tana biyan kuɗin aiki bayan an kawo shaida, tana kuma wallafa abin da kowa ya nema da sunansa. Mu muna da RMAFC, abin da ya rage a miƙa mata kuɗin ofis ta ƙayyade shi bisa nisan mazaɓa da girmanta, ta kuma gyara tsurar albashin ya dace da zamani a bainar jama'a. Hayar ofishin mazaɓa da tikitin jirgi a biya mai gida da kamfani kai tsaye, sauran kuma sai an kashe a kawo rasit a mayar. Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya ya riƙa ɗaukar samfurin takardun yana bin su har shagon da aka ce an yi sayayya. Duk wata uku a saka a intanet abin da kowane ɗan majalisa ya karɓa da adireshin ofishinsa. A kuma yi doka ɗaya cewa duk mai karɓar fansho na muƙamin siyasa za a dakatar masa da shi ranar da ya sha rantsuwar wani muƙamin.

Kai ma, Malam Edita, kana da abin yi. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa buƙata. Jaridarka ta rubuta wa Akawun Majalisar Tarayya ta nemi takardun kashe kuɗin ofis na sanatoci uku da wakilan jiha ɗaya na shekara guda, ta tura wakilanta su duba ko ofisoshin mazaɓun suna nan a buɗe, sannan ta buga amsar ko ƙin amsar da ranar da aka aika takardar.

Na gode. Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Mai karatunku daga Zariya, Jihar Kaduna