Likita, borin jini ya hana ni sakat

Assalamu alaikum Likita. Ina gaisuwa tare da fatan alheri, Allah ya saka da alheri kan wayar mana da kai da kake yi a wannan fili.

Ni malamar firamare ce, matar aure, ina goyon yarinya da ba ta kai yaye ba. Tun bayan babbar sallar bara nake fama da borin jini. Sai jikina ya ɗauki ƙaiƙayi, in na sosa ya tashi ruɗu-ruɗu kamar an zane ni da dorina, a cinya, a baya, a wuya. Kafin gari ya waye na jiya ya ɓace ko tabo bai bari ba, wani sabo kuma ya fito a wani wurin. Wani lokaci leɓena ko fatar idona kan kumbura, shi kuma wannan sai ya kwana biyu bai saɓe ba. Ranar da haka ta faru da niƙabi nake shiga aji, yara suna tambayata ko lafiya.

Ka san halin mutanenmu, kowa da maganinsa. An ce ƙwai ne, na bari. An ce kifi ne, gyaɗa ce, nono ne, daddawa ce, duk na bari, har na koma daga tuwo sai koko, ga goyo. Na rame, abin bai fasa fitowa ba. An sa ni shafa manja, an canza mini sabulu zuwa na salo. Surukata, wadda na san don ƙauna take yi, ta dage cewa hannu aka sa mini, tunda ciwo ne mai zuwa da dare ya tafi da safe. Ina addu'a, ina shan rubutu, amma zuciyata ba ta zargin kowa.

Daga baya na samu ganin likitan fata a wani asibitin koyarwa. Ya ce idan borin jini ya wuce mako 6 yana fita yana komawa, ya zama mai daɗewa ke nan, kuma a yawancin masu irin wannan ba abinci ne sanadi ba. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki a cikin fata da ke sakin wani sinadari mai suna histamin, shi ke kawo ƙaiƙayi da kumburi, kuma a wurin mutane da yawa garkuwar jikin ce da kanta take tsokano su, ba wani abu daga waje ba. Ya ce ya fi kama mata, ba ya yaɗuwa, don haka kada in ji tsoron shayar da 'yata. Ya sa aka yi mini gwajin jini da na maƙoƙo, saboda borin jinin yakan zo tare da matsalar wannan ƙullin na wuya. Ya rubuta mini loratadine mai miligiram 10, ɗaya kullum, ya ce in koma cin abincina. Ya kuma hana ni ibuprofen da diclofenac da aspirin, ya ce suna tayar da shi, in tsaya ga farasitamol. Wannan kam na gani da idona, domin ranar da na sha maganin ciwon baya a nan jikina ya fi lalacewa. Haka ma zafin bazara, da matsattsen kaya wajen ƙugu, da lokacin jarabawa idan aiki ya yi mini yawa ban samu barci ba.

To Likita, ga inda na tsaya. Ƙwaya ɗayan nan ta rage abin amma ba ta tsayar da shi ba. Layin ganin likitan yana da tsawo, garin kuma da nisa. A unguwarmu akwai mai kemis da ke yi wa mutane allurar dexamethasone, ya taɓa yi mini, kuma wallahi cikin 'yan awoyi na ji kamar ban taɓa ciwo ba. Da ƙarfinta ya ƙare sai abin ya dawo har ya fi da. Na ji ana cewa yawan amfani da irin wannan allura da ƙwayar prednisolone mai aiki irin nata yana kumbura fuska, yana jawo hawan jini da ciwon suga, yana raunana ƙashi, kuma wanda ya daɗe a kansu ba a son ya daina farat ɗaya. Maigidana, ganin yadda nake kwana ina susa, cewa yake in je a ƙara mini kawai. Ni kuma tsoro nake ji. Piriton da na gwada a baya barci yake sa ni, ba na iya tsayuwa gaban allo, har yarinyar ma sai in ga jikinta ya yi sanyi.

Likitan ya ambata cewa akan ƙara yawan irin ƙwayar da ya ba ni har ninki huɗu idan ɗaya ba ta isa ba, amma a ƙarƙashin kulawar likita. Shin mai shayarwa za a iya ƙara mata haka, ko sai na yaye? Kuma shan ta kullum na tsawon watanni ba zai taɓa mini ƙoda ko hanta ba? Wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, don 'yan uwa sai faɗa mini suke in bar shan ƙwaya kullum. Ya kuma ambaci wata allura, omalizumab, da ake yi duk bayan mako 4 ga wanda ƙwayoyi suka gaza masa. Ana samunta a ƙasar nan kuwa, kuma mai albashi irin nawa zai iya?

Sai batun kumburin leɓe. An ce idan harshe ko maƙogwaro ya kumbura, ko numfashi ya yi wuya, asibiti za a nufa nan take. Mu da ke nesa da babban asibiti, me ya kamata in ajiye a gida, me kuma zan koya wa maigidana ya yi kafin mu isa?

An ce ciwon yakan lafa da kansa, wasu cikin shekara, wasu sai ya ɗauki shekaru. Idan da wata alama da zan gane cewa nawa ya fara sauka har a rage magani, don Allah ka bayyana mini. Ina roƙon ka amsa a fili, domin surukata ba ta wuce shirinka, kuma maganarka za ta fi tawa shiga.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Taka mai sauraro,
wata malama daga Funtuwa