Amsa ga Likitan da ya tambaya: wa ya kamata ya jagoranci bincike kan lafiyar masu naƙasa?

Ranka ya daɗe Likita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ka tambaye ni a bainar jama'a ko binciken da masu naƙasa da baƙaƙen fata suka jagoranta da kansu zai kuɓuta daga son rai, tunda su ne abin ya shafa. Tambayar tana kan hanya, sai dai ta ɗauka cewa binciken da ƙwararru suka yi su kaɗai ya kuɓuta, alhali tarihi bai nuna haka ba.

A Tuskegee ta jihar Alabama, daga 1932 zuwa 1972, hukumar lafiya ta gwamnatin Amurka ta riƙa bibiyar baƙaƙen fata 399 masu ciwon tunjere ba tare da ta yi musu magani ba, har bayan da fenisilin ya wadata. A makarantar Willowbrook ta New York kuwa, da gangan aka sa wa yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa ƙwayar ciwon hanta. Masu manyan digiri ne suka tsara duka biyun.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayoyin da ba a yi. Na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar oksijin ta daɗe a asibitoci kafin binciken Jami'ar Michigan na 2020 ya nuna cewa ta fi ɓoye ƙarancin iska a jikin baƙar fata fiye da na farar fata, kusan ninki uku. Haka nan mace mai keken guragu tana iya shekaru ba a auna nauyinta ba, domin sikelin na masu tsayuwa ne, sai a ƙiyasta da ido a rubuta mata magani. Wannan ba ya fitowa a fayil; ita ce ta san shi, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu naƙasa ta wajabta tuntuɓar su, amma tuntuɓa ba jagoranci ba ce. Abin da nake nufi shi ne su zaɓi tambayar, su zauna a kwamitin da ke riƙe da kuɗi da bayanai, a biya su ladan aikinsu, a tanadi mai fassara wa kurame tun daga kasafin farko. Zaɓen samfur da lissafin alƙaluma suna nan a hannunku ku ƙwararru, kuma idan sakamako ya saɓa wa abin da al'umma ta zata, a buga shi yadda ya fito.

Wassalam.